Kwalbar da Ba a Buɗe Ba

"Ku kore su daga bango," Kafinta yake ta faɗa. "Kiyashi ne, ga su nan har kan katifa."

Na duba bangon da ya raba ɗakinsa da shagona na ɗinki. Babu ko ƙuda. Shi kuwa sai kakkaɓe zanin gado yake, zufa ta jiƙe masa singileti, hannuwansa na ta karkarwa.

Abin da ya ɗaure mini kai, Kafinta bai sha komai ba. Tun farkon mako ya zubar da giyarsa a kwata da hannunsa, ya ce ba zai ɗauki jikarsa da aka haifa da warin baki ba. Mutumin da muka saba kwasowa a bakin titi. Matarsa har kukan murna ta yi, ni ma bakina ya kai ni na yi alkawarin ɗinka masa riga kyauta.

Mai kemis ɗin layinmu ya shigo, ya kama tsintsiyar hannunsa, ya ɓata fuska.

"Yaushe rabonsa da sha?"

"Ai ya tuba," in ji matar.

"To, nan matsalar take. Shekara da shekaru giya na danne masa ƙwaƙwalwa, ita kuma tana ƙara wuta don ta iya aiki. An ɗage dannen lokaci ɗaya, yanzu wutar ke cin sa. Irinsa sai a asibiti ake raba su. Ku nemo mota. Kafin ta zo, a ba shi ko kurɓi ɗaya."

"Tun ina amarya nake roƙon Allah ya raba shi da ita," ta ce. "Yau ka ce in ɗura masa da hannuna?"

"Yaya, ni ma ba daɗin faɗa nake ji ba."

Ta juyo gare ni. "Tela, kai me ka gani?"

Wallahi ban ga komai ba. Tsoro ne ya cika ni, na zari takalmi na fita nemo giyar. Ban taɓa taka gidan giya ba, sai da na yi tambaya.

"Tela, kai ma an shigo layi?" in ji mai sayarwar, yana dariya.

Da na dawo da kwalba a leda, mota na ƙofar gida, amma ba wanda ke sauri. Jijjiga ta kama shi bayan fitata, ya cika kafin a ɗaga shi.

A wajen gaisuwa wasu suka ce giya ce ta kashe shi, wasu suka ce ya yi kyakkyawan ƙarshe. Da mutane suka ragu matar ta kira ni gefe.

"Tela, shan ne ya kashe shi ko barin?"



Kwalbar tana nan a leda, ƙarƙashin kekena, cikin ƙyallaye. Na kasa zubarwa, na kasa mayarwa. Duk sanda na taka keken sai ta riƙa bugun ƙarfen a hankali.