Ni Kaɗai Ke Tuƙa Ta

Tun da Auta ya ce min manajansu da kansa ya miƙo masa makullin mota, gabana ya faɗi. Auta ƙanena ne, direba a wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma manajan nan na sha jin labarinsa: mutumin da ko ruwan wanke gilashi sai ya yi mita a kansa. Yau shi ne zai ce, "Ɗauki motar ka je ka ɗauko mahaifiyarka daga asibiti, ba sai ka dawo da ita yau ba"?

Na ce, "Auta, ruwa fa ba ya tsami banza."

Ya yi dariya. "Matsalarki ke nan, Yaya. Ke ko gidan sarauta aka sauke ki sai kin leƙa ƙarƙashin gado."

Dole na amince, don Inna aiki aka yi mata a ƙugu, ba za ta iya zaman motar haya ba. Muka shimfiɗa mata katifa a baya, tsakanin tulunan gas da akwatin kayan aiki, na zauna a gefenta. Farar mota ce mai tsani a sama. Abu ɗaya ya dame ni: warin sabon fenti. Da muna loda kaya kuma na lura fitilar gaba ta dama tana ƙyalli, ta hagu kuwa ta dushe. Na tambaye shi, ya ce shi rabonsa da motar nan ya kwana biyu, ina zai sani.

To, ga yadda suke aiki a kamfanin. Kowace mota akwai sunan direba ɗaya a takardar inshorarta, wannan kuwa sunan Auta ke kai. Amma da safe makullai a jikin ƙusa suke rataye, wanda ya riga zuwa ya zari wadda ta yi masa, kuma da yake ta Auta ce mai lafiya, manyan kamfanin ke yin gaba da ita. Don kada inshora ta lalace, tun ranar da aka ɗauke su aiki ake cusa musu amsa ɗaya: in ɗan sanda ya tsayar da kai, motar da kake ciki taka ce, ba mai taɓa ta sai kai. Har wasa suke yi da amsar nan a gidanmu, shi da abokin aikinsa Dogo.

Bayan mun wuce shataletalen kasuwa muka tarar da shinge. Rana tsaka ce. Ba irin tsayarwar da muka saba ba ce, ba raha, ba "ina gajiya, direba". Manyan motoci na wucewa ba a ko kallonsu. Amma a gefen titi fararen motoci ne jere, kowacce da tsani a kanta.

Wani sajan mai furfura ya zo. Bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da ya yi tsawa da hankalina ya fi kwanciya. Ya karɓi takardu bai buɗe ba, ya zagaya gaban motar ya durƙusa. Ta gilashi ina hango hularsa kawai. Ya daɗe a nan. Da ya miƙe yana murza yatsunsa yana shinshinawa.

"Motar kamfani ce?"

"E, ranka ya daɗe."

"Ban da kai wa ke tuƙa ta?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ni kaɗai ke tuƙa ta."

Tas ya faɗa, har da ɗan murmushinsa na yaron kirki. Na miƙa hannu ta bayan kujera na mintsini kafaɗarsa, ya ture ni.

"Ka tabbata? Ko aro, ko ranar da ba ka da lafiya?"

"Ko sau ɗaya."

Sajan ya kira wani kofur ya ce ya maimaita a gabansa. Ya maimaita, sakaran. Ina jin kamar in fasa ihu, amma Inna ta samu barci, kanta a cinyata.

Sai sajan ya ce, a hankali, shekaranjiya da safe wata farar mota mai tsani ta kaɗe wata mai sharar titi a bakin gada, ta gudu. Matar ta cika jiya. Ya ce a wurin an tsinci fasassun gilashin fitilar dama.

Na ga wuyan Auta ya jiƙe da gumi nan take. Ya fara in-ina. Ya ce a'a, ranka ya daɗe, gaskiyar magana kowa na tuƙa ta, amsar da aka koya musu ce kawai, shi shekaranjiya motar Dogo ya fita da ita, can wata unguwa daban.

"Yanzu ka ce ko sau ɗaya," in ji sajan. "A gaban shaida."

"A kira manajanmu! A kira Dogo!"

Aka kira manaja, aka buɗe muryar wayar kowa na ji. Ya yi sallama da wata murya mai sanyi kamar liman. Ya ce dokar kamfani a fili take: mota ɗaya, direba ɗaya. Ya ce shi ma yanzu yake cigiyar motar, domin ba a fita da ita harkar gida, bai kuma ba kowa izini ba. Na ce, "Ƙarya kake, azzalumi! Allah ya isa!" Kofur ya daka min tsawa, amma ai manajan ya riga ya kashe wayar.

Saura Dogo. Dogon da ya ci abinci a gidanmu har ya san inda nake ajiye cokula. Da aka kira shi, sajan bai gaya masa komai ba, ya ce shi ɗan sanda ne, tambaya ɗaya zai yi: shekaranjiya wa ya fita da motar da ke da sunan shi Dogon? Auta ya buɗe baki zai yi magana, kofur ya ɗaga masa yatsa. Ba mugunta Dogo ya yi ba, shi ya sa abin ya fi ci min rai. Cikin ladabi ya ce shi ne, ai motarsa ba mai taɓa ta.

Sajan ya zare makullin. Ya ce motar za ta tafi ofishinsu, direban ma haka, mu kuma mu nemi abin hawa. Na roƙe shi, na ce ya dubi tsohuwar nan, ya ce bakin alfarmar da zai yi ita ce ba zai sa wa Auta ankwa a gabanta ba.

Auta da kansa ya ɗauko Inna, kamar jaririya, ya kwantar da ita a kan katifar a inuwar wani shago. Ya gyara mata zani ya rufe mata ƙafa. Ta buɗe ido tana kallon titi, ba ta gane inda muke ba.

"Mun iso ne?"

"Saura kaɗan, Inna. Wurin aiki ake nemana, Yaya za ta ƙarasa da ke."

'Yan sanda biyu na tsaye a bayansa suna jira. Inna ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"To, Allah ya yi albarka," ta ce. "Ka yi tuƙi a hankali, ka ji?"