Shuɗin Rufin Ravenna

Rukaya na tsakiyar zana wa wata amarya lalle a falonsu da ke titin Grand Concourse na unguwar Bronx a Amurka, wayarta ta sake yin ƙara. Hamdatu ce, ƙanwarta. Tun da gari ya waye take turo hotuna daga Italiya: ga ta a jirgin ƙasa, ga ta da askirim, ga ta a ƙofar wani tsohon coci a garin Ravenna tana washe baki sai ka ce gadonsa ta ci.

Ravenna fa! Rukaya ta kife wayar. Ita ce ta san garin nan. A wani littafin laburare ta fara ganin hoton wani ɗan ɗaki da ke gefen cocin, rufinsa shuɗi, an jera masa taurari da furanni da ƙananan duwatsu masu ƙyalli. Daga rufin nan ta kwaso furen da ya yi mata suna, har amare ke yi mata layi. Burinta ɗaya, ta ga rufin nan da idonta. To amma ita a Maraɗi aka haife ta, takardunta ba su fito ba, in ta fita Amurka ba dawowa. Hamdatu kuwa haihuwar Bronx ce, fasfo a jaka, alhali ko da'ira ba ta iya zanawa ba. Makaranta ce ta kai su Italiya, shi ne ta tsallaka Ravenna yawon yini guda.

Kishi ne zalla. Rukaya ta sani, kuma ba ta yi niyyar danne shi ba.

Ta ce wa amarya ta bar hannunta ya sha iska, ta leƙa kicin inda mahaifiyarsu ke suyar ƙosai.

"Inna, kin ga inda autarki take?"

Inna ta goge hannu, ta ƙura wa hoton ido. "Wannan wane irin gini ne?"

"Coci ne. Tun ɗazu take shiga wannan ta fita wancan. Ni dai ban ce komai ba."

Inna ta rafka salati, ta zari tata wayar. Rukaya ta koma kan lallenta, kunnenta na kicin.

"Karatu na tura ki ko yawon coci? Ki bar wurin nan yanzun nan! In kika ƙara taka ƙafa cikin ko ɗaya, ban yafe ba!"

Sanyi ya ratsa zuciyar Rukaya, har hannunta ya ƙara gudu.

Ba a jima ba saƙon murya ya shigo. Ta kara wayar a kunne.

"Yaya Rukaya, wa ya gaya wa Inna?" in ji Hamdatu. "Ina cikin layin shiga fa ta kira, saura kaɗan in shiga ɗakin nan naki, mai shuɗin rufi. 'Yan ajinmu duk garin Venice suka tafi, ni kaɗai na zo nan. So na yi in kira ki bidiyo, in ɗaga wayar sama ki gani. Surprise ne, ba-zata na so in yi miki. Yanzu Inna ta ce ba ta yafe ba. Na kama hanyar tasha."

Rukaya ta yar da ledar lallen ta faɗa kicin.

"Inna, ki kira ta ta koma. Wancan ɗakin na tarihi ne, kallo kawai ake yi..."

"Ke da bakinki kika ce coci ne." Inna ta juya ƙosai. "Na gama magana. Allah ya yi miki albarka da kike sa mata ido."

Rukaya ta kasa cewa amin. Ta dawo ta zauna, ta ɗauki ledar.

Amarya ta ɗaga hannunta wajen taga tana murmushi. "Anti, wallahi furen nan ya yi. A ina kika gan shi?"

"A littafi," in ji Rukaya.