Yatsan Oga Ukasha a Bango

Kwana uku Cecilia, mai buga takardu a wani ofishin noma a Jalingo, ta yi tana fama da sabuwar firinta kafin taswirar gonakin Iware ta fito a kan ledar nan mai kama da gilashi da ake haskawa a bango. Da ta miƙa wa Oga Ukasha ta ce, "Yallaɓai, tawadar ba ta son ruwa, kada ka taɓa da jiƙaƙƙen hannu."

"Ke za ki koya mini? Ɓace mini da gani!"

A ɗakin taro tana ji ya gaya wa baƙi shi ya yi da hannunsa. Ta cije leɓe. Ta san halinsa, ba ya ɗaga takarda sai ya lashi yatsa. Ya kuwa lasa, ya damƙi leda ya ɗora a majigi. Sai ga shatin babban yatsa, ƙato, ya cinye rabin Iware.

"Cecilia! Wace irin ɓarna kika yi mini?"

Ta miƙe tsaye. "Ni kuma, yallaɓai? Ai aikinka ne. Ga shi har ka dangwala."