Shafi na Tara

Takardar neman gurbin horo a ma'aikatar tsaron cikin gida shafi tara ce, kuma na cike takwas ba tare da gyara ko ɗaya ba. A shafi na tara aka nemi sunan mutum guda, wanda ba dangi ba, da ya san ni shekara biyar, domin masu tantancewa su tambaye shi halina. Ranar Juma'a za a rufe karɓa.

A shekararmu ta farko a sashen nazarin yaƙi da ta'addanci, a nan birnin Hague, malaminmu ya ce mai son wannan aiki ya rage baki, ya rage sawu. Abokan karatuna suka saurara, suka wuce shaƙatawarsu. Ni kuwa na riƙe maganar hannu bibbiyu. Na rufe shafukana na sada zumunta, na daina amsa gayyatar bikin ranar haihuwa, wanda duk ya tambayi abin da nake karantawa sai in ce harkar mulki. Sannu a hankali tambayar ta ɗauke, masu yin ta ma suka ɗauke.

Ranar Laraba na tura kekena zuwa shagon Arend, dattijon da ya shekara shida yana gyara mini shi.

"Kai ne kuma? Me ka yi wa bawan Allahn nan yau?"

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Alfarma na zo nema."

Na miƙa masa shafi na tara. Ya goge hannu, ya karanta shi har ƙasa.

"Halinka za su tambaye ni? Samari, kekenka na sani. Kwaɗo biyu kake sa masa, sai ka ce akwai ɓarawon da zai kalli wannan gwangwani. Kai kuwa ko sunanka ban sani ba."

"Wessel."

"To Wessel, ka ga mun fara. Amma ba zan ce wa hukuma shekara biyar ba. Kana neman aikin kama maƙaryata, ka zo ka mai da ni ɗaya?"

Ban ga laifinsa ba. Da ni ne mai tantancewa, amsar da zan so ji ke nan.

"Ƙarfe goma nake shan kofi," in ji shi. "Biskit ɗaya ne, kada ka sa rai da biyu."

Ranar Juma'a na miƙa takardar. Matar da ke karɓa ta buɗe shafi na tara, ta ɗora biro a kan layin da na bari babu suna.

"Ka manta nan."

"Ban manta ba, ranki ya daɗe."

Ta dube ni kaɗan, sannan ta ajiye tawa a gefe, nesa da tarin sauran.