Waƙar da Awadiyya Ta Gada

Ni Lauratu ba na shiga maganar mutane, maganar ce ke biyo ni har gida. Wannan ma ina zaune a ƙofata a unguwar Mayo ina dakan gahawa ta same ni.

A shekarun nan ne da sojoji suka hana biki kaiwa dare, mawaƙa suka koma wawar bukukuwan la'asar kamar kaji a kan tsaba. Duha, 'yar maƙwabciyata, za ta yi aure, ta kuma nace sai ta yi rawar amarya irin ta Larabawan gari. Wannan rawa koyonta ake yi. Sai an ɗauko mawaƙiya ta riƙa zuwa gida da dalluka, gangar nan ta yumɓu, tana nuna wa amarya inda za ta karya wuya da inda za ta sulale ƙasa. In ta sulale ango bai tare ta ba, ta ci shi ke nan, mata su rangaɗa guɗa. Barira aka ɗauko, mawaƙiyar unguwarmu.

Duha kuwa Allah ya ba ta kyau ya hana ta kunne. Kowace waƙa aka kawo, kiɗa gabas ƙafa yamma. Kari ɗaya tak ya shiga jikinta. In Barira ta ɗauko shi, sai yarinya ta zama kamar reshe a iska.

Ana saura kwanaki kaɗan biki sai ga saƙo daga birnin Umdurman, tsallaken kogi. Awadiyya ce, babbar mawaƙiya mai kaset a kasuwa. Wai karin nata ne, Barira ta sace ta canza masa kalmomi, kuma in aka rera shi za ta zo da ƙafarta ta kira ta ɓarauniya a gaban dangin ango. Barira ta tsorata, ta koma gwada wasu waƙoƙi. Duha ta taka gefen zanenta ta faɗi kan tiren shayi, ta zo wurina tana kuka.

Na tura aka kira Barira. “Ke 'yar nan, tsakaninki da Allah, sata kika yi?”

“Habboba,” ta ce, wato kaka da Larabcin nan, “a mota na ji shi. Amma ai waƙoƙinmu duk hancinsu ɗaya, kamar 'ya'yan mutum guda.”

“Rera min.”

Ta rera. Tun kafin ta kai tsakiya na ji ƙaiƙayin auduga a hannuna. Wannan kari da shi muke tsinkar auduga a gonakin Jazira tun ba a haifi uwar Awadiyya ba. Na yafa mayafina na nufi tasha.

Na tarar da Awadiyya ana zana mata lalle, mata kewaye da ita. Da Larabci ta fara yi min sannu, na amsa da Hausa, don na san gidansu, Hausawa ne irinmu. Kakarta Saratu layinmu ɗaya a gona.

“'Yata, zuwa na yi in goya miki baya,” na ce. “An ce wasu na musun waƙar nan taku ce.”

Ta gyara zama. “Kin ji dattijuwar arziki. Gadonta na yi, Habboba. Daga bakin kakata na ɗauke ta.”

“Ai ni shaida ce. Waƙar Saratu ce, duk kambonmu na masu tsinkar auduga ya sani. Don ita aka yi ta. Ranar bikin zan miƙe gaban jama'a in rera ta da kalmominta na asali, kowa ya san mai ita.”

Wata mai tsinin baki a gefe ta ce, “Ɗan ɗanɗana mana, Hajiya.”

Na yi gyaran murya, na tafa a cinya:

“Saratu buhunki da nauyi,
auduga sama, duwatsu ƙasa,
mai awo ya ɗaga ya ce wayyo bayana.”

Ya zauna cikin karin daram, kamar ƙafa a tsohon takalmi. Mai lalle ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Awadiyya ta so ta miƙe, lalle ɗanye a ƙafa ya hana.

“Akwai saura?” ta tambaya a hankali.

“Akwai baitin akuyar malam. Wancan ya fi tsawo.”

Ta kori matan waje, ta sa aka kawo min lemo mai sanyi. “Habboba, ke ma kin san waƙar gona ba ta da uwa. Kowa ya tsinta nasa ne. Wa ma ya ce na ce tawa ce?”

“Mutane da ƙarya, 'yata.”

“Ki gaishe da Barira. Ki ce ta yi kiɗanta.”

Karin dai na gona ne, wannan ko gaban alƙali zan faɗa. Baitocin kuwa a kan gadar Umdurman na haɗa su, muna tsaye cikin cunkoso. Saratu ba ta taɓa sa dutse a buhu ba. Ƙasa take zubawa.

Ranar biki aka rufe ƙofa, mata zalla sai ango a tsakiya yana zufa cikin farar jallabiya. Barira ta ɗumama dalluka a bakin gawayi, ta ɗauko karin. Duha ta fito da jan kaya, ta karya wuya, ta juya, ƙafa na bin kiɗa kamar tare aka haife su. Ango ya shagala da kallo, hannayensa a sake. Yarinya ta sulale har ƙasa, shi yana tsaye baki buɗe. Uwarsa da kanta ta fara guɗa.