Ranar da Kalyani Ta So Faɗuwa

A cibiyar nan ta koyon ilimin magunguna da ke gefen birnin Hyderabad a Indiya, akwai dokar da ɗalibai ke tsoro fiye da jarrabawa: ɗalibi ɗaya, aiki ɗaya. In lokacin ɗaukar ma'aikata ya zo, kamfanoni na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda wani kamfani ya ce ya ɗauka, magana ta ƙare, ba ya sake zama gaban wani. Wanda ya ƙi shiga intabiyu kuma, a soke sunansa gaba ɗaya. Wai adalci ke nan, don kowa ya samu.

Kalyani Mahato ta yi shekara biyu tana koyon neman magani da kwamfuta. Tana gwada dubban sinadarai a kan allo, tana laluben wanda zai kashe ƙwayar kala-azar, cutar da ke kumbura cikin yara ta ƙone musu fata a ƙauyensu can Bihar. Akwai wani ƙaramin ɗakin bincike da ke wannan aikin, kuma ba ya ɗaukar sabon shiga sai ta hanyar makarantu. An ce zai zo a ƙarshen mako. Shi kaɗai take so. Sai dai wanda aka ba ranar farko kamfani ne da ke cika lambobin cututtuka a takardun asibitocin ƙasar waje, don masu inshora su biya.

Ta samu Dakta Subbarao, shugaban ofishin sama wa ɗalibai aiki, yana auna sabon ƙyallen da za a rataya a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, a ɗaga mini ƙafa gobe. Masu bincike nake jira."

"Jira?" Ko ɗago kai bai yi ba. "Bara wani ya jira, yanzu yana sayar da katin waya a shagon kawunsa. Shi ya ɓata mana lissafin cewa ɗalibanmu ɗari bisa ɗari na samun aiki. Bana ba mai ɓata mini."

"Amma ba aikin da muka karanta ba ne, Yallaɓai."

"'Yar nan, albashi bai san abin da kika karanta ba. Gobe da safe, ki sa kaya masu kyau."

Haka ake yi. A ɗauki yaran da suka fi kowa ƙwaƙwalwa, a koya musu zancen ƙwayoyin halitta har idanunsu su yi ja, sannan a auna su da mudu a juye wa wanda ya fara zuwa kasuwa. Iyaye su yi guɗa, makaranta ta buga hoto, cuta kuma ta ci gaba da cin kasuwarta ba mai tanka mata.

A wurin cin abinci ƙawarta Sravanthi ta ture farantin idli ta matso kusa da ita.

"Ke dai baƙauya ce. Wa ya ce sai kin ci intabiyun? Ki shiga ki zama jaka. Su da kansu za su kore ki, sunanki kuma yana nan."

"In Subbarao ya ji fa?"

"Ya ji me? Ana hukunta mutum don daƙiƙanci? Da tuni an ɗaure rabin malamanmu."

Kalyani ta yi dariya har ta ƙware.

Washegari ta zauna gaban matar da kamfanin ya turo, wata mai fara'a, kofin shayi a gabanta, wayarta na ta haske.

"Kalyani, ko? Faɗa mini, me parasitamol ke magani?"

"Tsutsar ciki, Madam."

Matar ta yi murmushi. "Kin tsorata ne. Ba komai, kwamfuta ce za ta riƙa nuna miki. Kina da sauri wajen buga rubutu?"

"Da yatsa biyu nake yi."

"Akwai horo. Aikin dare fa? Lokacin da suke farke can ƙasar waje, mu ma muna farke."

"Ina da nauyin barci, Madam. Ko a aji barci nake."

"Kowa haka yake cewa. Za ki saba, kuma motarmu na kai 'yan mata har ƙofar gida." Ta duba takardar da ke gabanta. "Na ga kin yi bincike a kan... kala-azar? Ba ni labari a taƙaice."

Nan ne abin ya yi mata wuya. Amsar tana bakinta: sinadaran nan guda biyu da suka kama ƙwayar cutar daram a gwajin kwamfuta, waɗanda ta kasa zama ranar da ta gan su. Ta haɗiye su. Ta ji kamar tana musun ɗan da ta haifa a gaban alƙali.

"Ba wani abu ba ne, Madam. Kwafa na yi daga aikin na gaba da mu."

"Madalla!" Matar ta yi alama a takarda. "Ni ina son mai gaskiya. Aikinmu ma ai kusan haka yake, ki duba nan ki sa a can. Masu yawan tunanin nan su ke ba mu wahala, kwana kaɗan su gudu."

Da la'asar aka tara su a babban zaure. Dakta Subbarao ya riƙe makirfo yana sheƙi. Kamfanin, in ji shi, ya yaba da tarbiyyar ɗaliban cibiyar, ya ɗauki ajin gaba ɗaya. Aka kaure da tafi. Aka shigo da kwalayen alewar laddu, wani ya tura wa Kalyani ɗaya a baki kafin ta ankara.

Ta kutsa ta same shi a gefen dandamali.

"Yallaɓai, ba na so. Ko tambaya ɗaya ban amsa daidai ba. Na ce mata parasitamol maganin tsutsa ne!"

"To kin ga sa'arki."

"Zan ƙi karɓa."

Fara'ar ta bar fuskarsa. "Ki ƙi. Su yi fushi su daina zuwa, ƙannenki 'yan ajin baɗi su rasa. Ke kuma doka ta riga ta hau kanki, ko kin karɓa ko kin ƙi, kin gama." Ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro. "Masu binciken ma na buga musu waya ɗazu. Na ce kada su wahalar da kansu, ba mu da sauran ɗalibi. Za su je wata makarantar."

Sravanthi na tsaye a bayanta. Ta ga fuskar Kalyani, ta matsa ta ba ta hanya.

Kafin ta kai ɗaki wayarta ta yi ƙara. Ofishin Subbarao ba ya wasa da aika wa iyaye albishir. Mahaifiyarta ce, ana jin hayaniyar maƙwabta a tsakar gida.

"Kalyani! An ce kin samu! Babanki ya fita sayo alewa, ko takalmi bai sa ba. Ga matar Birju nan, ta ce in tambaye ki, aikin maganin nan ne da kike faɗa? Na ciwon yaran nan?"

Kalyani ta jingina da bango. Matar Birju, maƙwabciyarsu, ta binne 'ya'ya biyu da kala-azar ta kashe.

"Aikin asibiti ne, Mama."

"Na ce mata! Na ce 'yata ba ta magana biyu. Ɗaga murya ki faɗa, ga ta nan tana ji."