Takardar da Auta Bai Rubuta Ba

Wata biyu ke nan da aka ɗauki shirin, yau ƙarfe biyar na yamma za a nuna shi a talabijin, kuma duk cikin mutum goma sha huɗun da suka cika falon Auta maƙil, shi kaɗai ya san cewa a zagayen ƙarshe takardarsa fara ce fat, ko ɗigo babu.

Auta dai shekararsa arba'in da uku, furfura har ta fara leƙo masa a haɓa, amma a gidansu Auta ne har gobe. A waje Mai Tayil ake ce masa. Mutum ne da zai shiga ɗaki ya dubi wannan kusurwa ya dubi waccan, ya ce kwali talatin da ɗaya, a ƙara guda huɗu saboda yanka, kuma in an gama shimfiɗawa ko gutsure ba ya saura. Bai taɓa rubuta lissafi ba, a ka yake yin abinsa. Wannan kan nasa shi ya ci da shi, shi ne kuma ya raba shi da Baba.

Baba shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi, kuma dokarsa ɗaya ce tak: amsar da ba a nuna hanyarta a rubuce ba, sifili ce. Auta, ɗansa na cikinsa, ya sha zaunawa a ajinsa ya kawo amsa daidai tun kafin a gama karanta tambaya, Baba ya zana masa ƙaton sifili da jan biro, ya ɗaga takardar sama kowa ya gani. A haka Auta ya bar makaranta. Yaya, wansa, mai rubutu layi-layi, ya zama injiniya, shi ake kai wa baƙi su gaisa. Rabon Baba da taka gidan Auta shekara shida. Yau ga shi ya zo, da sabuwar riga, da littafi da biro a hannu, wai zai riƙa yin lissafin tare da su.

Duk aikin matar Auta ne. Ita ta tura sunansa gidan talabijin ba da saninsa ba, ita kuma ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya a waya. An sa shi ya sa hannu cewa ba zai faɗi sakamako ba sai an nuna, shi ma ya laɓe a bayan wannan doka ya yi gum wata biyu. Ita kuwa da ta ga yana kauda ido sai ta ɗauka kawaici ne irin na wanda ya ci. Ai kuwa ya ci ɗin. Yadda aka yi ya ci ne ya hana shi barci.

Suka dasa shi a tsakiyar doguwar kujera, Baba a dama, Yaya a hagu, teburin shayi ya tokare masa ƙwauri. Yara sun baje a ƙasa, kujerun da aka aro daga maƙwabta sun toshe ƙofa. Ko fitsari ya kama shi sai ya tsallake mutum shida da faranti uku.

Kiɗan shirin ya tashi, falo ya kaure. Mai gabatarwa, wani mai haƙora farare kamar an wanke da omo, ya yi bayanin wasan: haruffa takwas, kowa ya haɗa kalma mafi tsawo, lambobi biyar, kowa ya sarrafa su ya kai ga adadin da allo ya nuna, daƙiƙa arba'in kowane zagaye. Sai ga Auta a allo, goshi na ƙyalli, kwalar riga ta shaƙe shi. Kusa da shi abokiyar karawarsa, wata dattijuwa nas mai ritaya, da tabarau rataye a wuya, ta ci wasa uku a jere kafin ya zo.

Wallahi matar nan ba ta da sauƙi. Zagayen farko ta kwashe, na biyu suka yi kunnen doki. A na uku ta ce takalma, haruffa bakwai, har ƙanwar matarsa ta dafe kai, sai Auta na cikin allo ya ce matakala, takwas cif. Yara suka yi tsalle, wani ya zubar da lemo a kan tayil ɗin da Auta ya shimfiɗa da hannunsa. Yaya ya daki kafaɗarsa ya ce ashe Auta ya san haruffa, shi da ya ɗauka ko sunansa da siminti yake rubutawa. Aka yi dariya, shi ma ya yaƙe baki.

A zagayen lambobi na farko da na biyu babu matsala, domin shi aka fara tambaya, ya faɗi hanyarsa da baki, aka ba shi maki. Baba na ta rubutu a littafinsa, bai ko kai rabi ba agogo ya buga. Ya yi gyaran murya, ya ce lambobin sun yi ƙanana a allon, ba a gani sosai. 

Abin da ke cin Auta shi ne kyamara. Guda huɗu ne a ɗakin ɗaukar, ɗaya tana rataye a wani dogon ƙarfe, tana shawagi a saman kawunansu. Bai san wacce ke kallonsa a lokacin ba, bai san abin da masu yanka hoto suka bari ba. Wata biyu yana auna kusurwar ƙarfen nan a kansa kamar yadda yake auna ɗaki, kullum amsar daban take fitowa. In ta hasko takardar, kowa a falon nan zai iya wucewa bai lura ba, ban da mutum ɗaya. Baba da ya yi shekara talatin da biyar yana hango farar takarda daga ƙarshen aji.

Da aka tafi talla Auta ya yunƙura, ya ce bari ya duba ruwan zafi. Baba ya ɗora masa hannu a gwiwa, ya ce ya zauna, akwai masu dubawa. Hannun ya bushe, ba nauyi, amma sai Auta ya ji kamar an aza masa buhun siminti. Rabon da hannun nan ya taɓa shi ba don duka ba, ya manta. Baba ya juya wajen surukin Auta, da ƙarfi irin na tsofaffi, yana ba shi labarin wai tun yaron nan yana ɗan shekara biyar yake ƙirga tagogin motoci. Auta bai taɓa sanin Baba ya riƙe wannan ba. Daɗi ya kama shi, tsoro ya bi bayan daɗin ya danne shi.

Aka dawo. Nas ta wuce shi da maki biyu, ya kamo ta, ta sake wucewa, ya sake kamowa. Matarsa ta kasa zama, ta tsaya a bakin kicin da ludayi a hannu tana ta addu'a a kan abin da ya riga ya faru wata biyu da suka wuce. Da aka zo zagayen ƙarshe yana da sittin da ɗaya, nas tana da hamsin da bakwai, zagayen kuma maki goma ne.

Lambobin suka fito: ashirin da biyar, takwas, shida, huɗu, uku. Adadin da ake nema, ɗari shida da casa'in. Falo ya yi tsit, sai ƙarar fanka da biron Baba.

Auta ya tuna daƙiƙoƙin nan arba'in ɗaya bayan ɗaya. Kafin goma ya riga ya ga amsar, shimfiɗe a gabansa kamar daɓen ɗaki. An faɗa musu dokar da safe, har sau biyu: in hanyarka ɗaya da ta abokin karawarka, kuma shi aka fara tambaya, sai ka tura masa takardarka ya duba, in babu rubutu, babu maki. Ya ji, ya gyaɗa kai. Amma hannu bai saba ba. Ya sunkuyar da kai, biro na yawo a saman takarda yana bin layukan da ke cikin kansa, bai taɓa ta ba ko sau ɗaya. Sai da agogo ya buga ya ankara.

A allo kuwa, daga gaba aka ɗauko shi, gefen tebur ya kare takardar. Kai a sunkuye, biro na tafiya. Duk wanda ya gani zai rantse rubutu yake yi. Ya ji hannun Baba ya matse gwiwarsa.

Su biyun suka ce sun samu. Mai gabatarwa ya fara da nas. Ta sa tabarau ta karanta: ashirin da biyar da huɗu, ashirin da tara, takwas sau uku, ashirin da huɗu, a buga su da juna, ɗari shida da casa'in da shida, a cire shida. Aka tafa. Aka juyo kan Auta, ya ce da wata siririyar murya da shi kansa bai gane ba, hanyarsu ɗaya. Mai gabatarwa ya ce to ya nuna mata.

Yanzu ne. Auta ya ƙura wa allon ido, yana jiran hoton ya koma sama.

Hoton bai koma sama ba. Fuskar nas aka hasko, ta cika allon. Ta dubi takardar. Ta daɗe tana dubawa, ko kuma shi ne ya ga ta daɗe. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ake wa majinyacin da ya ce ya sha magani alhali bai sha ba. Kalma ɗaya ce tsakaninta da cin wasa na huɗu.

"Daidai ne," in ji ta, ta kife takardar ta mayar masa.

Har yau bai san dalilinta ba. Ko tausayi ne, ko gajiya, ko ta yarda ne kawai cewa ya san amsar. Abin da ya sani shi ne yana da baki a lokacin, kuma ya yi shiru. Saba'in da ɗaya da sittin da bakwai.

Falo ya ɗauka. Matarsa ta jefar da ludayi, yara suka hau kansa, Yaya na ihu a waya yana gaya wa wani wai ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Auta ya saki numfashin da ya riƙe wata biyu. Ya tsira, ba wanda ya gani. Ya ɗauka da ya tsira zai ji sakayau, sai ya ji abin ya ƙara masa nauyi.

Baba bai yi ihu ba. Ya cire tabarau, ya goge ido da bakin hannun sabuwar rigarsa, ya jira hayaniyar ta lafa. Da ya buɗe baki kowa ya yi shiru, kamar yadda aka saba.

"Shekara talatin ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da za ka sunkuyar da kai a kan takarda," in ji shi. "Na sha kwana ina tunanin ko na zalunce ka da jan biron nan. Uwarku ta rasu tana ganin laifina. Yau na ga ban yi kuskure ba. Da ba ka rubuta ba, da matar nan ta tafi da kai."

Auta ya dubi ubansa. Maganar tana bakinsa, a shirye, gajeriya: takardar fara ce, Baba, amsar kuma daidai ce, kamar yadda take daidai tun ina ajinka. Shekara talatin yake son faɗin wannan. Amma tsohon na kallonsa da jiƙaƙƙun idanu, fuska a sake, irin fuskar da Auta ya ɗauka Yaya kaɗai aka halitta wa ita. In ya faɗa, zai ƙwace wa tsoho abin da ya samu yanzun nan a gaban surukai da jikoki, shi ma ya rasa wannan kallon.

"Duka ka rubuta, ko? Layi-layi?" in ji Baba.

"Layi-layi, Baba."

Baba ya gyaɗa kai, ya juya ya tambaya ko wani ya ɗauki shirin a waya. Yaya ya ce ya ɗauka tun daga farko. Baba ya ce a mayar masa da wurin nan da Auta ke rubutu, yana so ya sake gani da kyau, a kuma tura wa tsofaffin ɗalibansa. Aka kawo wayar, aka riƙe ta a tsakaninsu, kawuna suka taru ta baya. Auta ya gyara zama ya sake kallo.